Ku Tambayi Anti: Wurin aikinmu za su kai mu kamfanin giya, wane kaya zan sa?

Tambaya ta farko daga wata 'yar uwa ce da ke aiki a Munich ta ƙasar Jamus. Ta ce: "Anti barka da aiki. Ofis ɗinmu suna fita yawon shekara, bana an zaɓi zagaya kamfanin giya na Weihenstephan a garin Freising, daga nan a zauna a lambu a ci abinci. Ni ba na sha kuma kowa ya sani, amma ba na son in zama ni kaɗai ce ban je ba. Abaya nake sawa kullum. In sa ta ko in sayi rigar gargajiyarsu da wasu matan ofis suka ce za su sa?"

To 'yar uwa, batun ki je ko kar ki je wannan ki kai shi wurin malaminki, ni ba malama ba ce, tufafi aka tambaye ni kuma a nan zan tsaya.

Ki fara daga ƙafa kafin ki zo kan riga. Kamfanin nan a kan tudu yake, in a jirgin ƙasa kuka je daga tashar Freising akwai 'yar tafiya da hawa kafin a isa, sannan in an shiga ciki ba ofis ba ne, masana'anta ce da ake aiki a cikinta, su da kansu suna cewa tun shekarar 1040 ake dafa giya a wurin. Daɓen irin waɗannan wurare kusan kullum a jiƙe yake saboda wanke-wanke ba ya ƙarewa, ga matattakalar ƙarfe mai huji-huji wadda in kika sa takalmi mai tsini sai ya maƙale a ciki ki tsaya kina ja mutane na jira a bayanki. Kambas mai roba a ƙasa, wanda ya rufe yatsu, wanda kin riga kin saba da shi. Kar ki sayi sabo ana gobe tafiya dan Allah. Ni na taɓa yin wannan wautar, sabon takalmi fil na sa na bi ayari yawo a wani tsohon gari mai titin duwatsu, kafin azahar diddigena ya saluɓe, a ƙarshe da safa na shiga jirgi takalmin na hannu kamar wadda aka koro daga gidan biki.

Abaya kuma, gaskiya ba laifinta ba ne, tsayinta ne matsalar. Wadda ke jan ƙasa za ta share miki duk ruwan da ke daɓen nan, kuma ruwan ba ki san me ya haɗa ba, ga la'asar na jiranki a hanya, sai ki wuni kina waswasi kan ko kayan sun ɗauki najasa. In kina da abayar da ta tsaya a idon sawu kuma ba ta da faffaɗan hannu, shi ke nan ki sa. In babu, wando mai ɗan faɗi ko jins da doguwar riga mai sauka har gwiwa sun ishe ki, suturarki ta cika kuma kin iya hawa bene ba tare da kin tattare komai ba. Mayafi ki bar babban gyalen nan mai santsi da ake ta gyarawa duk minti biyar, ki ɗaura ƙaramin hijabi ko mayafin auduga ki cusa bakinsa cikin riga, wurin da injina ke juyawa ba a son abu yana reto. Ki jefa wani mayafin na daban a jaka saboda sallah, ba ya da nauyi.

Wani abin da mutane ba sa tunawa shi ne zafi da sanyi duk a gini ɗaya. Ɗakin da ake dafa sha'ir a manyan tukwane akwai ɗumi da tururi, warinsa ma kamar ana dama kunu a gidan suna, daga nan sai a gangara da ku inda ake ajiye giyar ta kwanta, can kuma sanyi ne kamar kin shiga firij. Saboda haka riga mara nauyi a ciki, suwaita mai zif a sama, ki cire ki mayar yadda kike so. Katuwar jaket ɗaya ba za ta yi miki ba, a ɗaki na farko gumi zai jiƙa ki, kuma ba ki da abin ragewa.

Rigar gargajiyar tasu, Dirndl suke ce mata, kar ki saya. Mai ɗan kyau sai kin ajiye sama da Yuro 100, yawancinsu wuyan a buɗe yake sosai sai kin nemo wata rigar kin sa a ciki, kuma bayan ranar nan sai dai ta zauna a wadrob har Oktoberfest, bikin giya na Munich, ta zagayo a watan Satumba, wanda na san ba zuwa za ki yi ba. Babu wanda zai kalle ki don ba ki sa ba. Kuɗin nan ki ƙara a takalmi mai kyau da zai yi miki shekara biyu.

Lambun da za ku zauna yawanci tsakuwa ce a ƙasa da dogayen bencina na katako marasa majingina, sai an ɗaga ƙafa an tsallaka ake zama, to kin ga wani dalilin na wando. Kaya masu duhu sun fi, don teburi ɗaya ake haɗuwa kuma kofunansu manya ne, wani in ya miƙa hannu sai ya fallatso miki. Abin sha ki ce Apfelschorle, ruwan tuffa ne da soda, ko Spezi wato kola da lemo. Giyar da aka rubuta wa alkoholfrei, wato marar barasa, kuma ki sani ana yarda ta ƙunshi har kashi 0.5 cikin 100 na barasa, ba tambayarki ba ce amma gara in faɗa.

Na biyu wani ɗalibi ne a Dublin ta ƙasar Ireland: "Anti 'yan ajinmu za su Guinness Storehouse ranar Asabar, ina so in sa kaftanin shadda da hula in nuna musu namu. Ya kika gani?"

Ɗana, ka ji daɗinka, naka da sauƙi. Wurin nan ba cikin masana'antar ake shiga ba, gidan kallo ne mai hawa 7 a St James's Gate inda Arthur Guinness, wanda ya kafa kamfanin giyar Guinness, ya karɓi haya a 1759, akwai na'urar hawa, daɓen a bushe, ba injin da zai kama maka riga. Kaftani zai yi, amma shaddar ce nake ji. Ka san ruwan Dublin ba ya sallama, kuma shadda mai sitati in yayyafi ya taɓa ta sai ta yi ɗigo-ɗigo ta kwanta a jiki, ƙyallin da ka biya kuɗi dominsa ya tafi tun a layin shiga. Ka sa kaftanin yadi mai kauri wanda ya tsaya a gwiwa, rigar sanyi mai kama jiki a ciki, jaket mai hana ruwa a sama, da takalmi sau-ciki da safa. Hula ka sa abinka, sai dai ka riƙe ta a hanya don iskar garin ta fi ƙarfin lema ma balle zanna bukar. Babbar riga kam ka ajiye ta sai sallah, a hawan ƙarshe inda ake kallon gari mutane cunkus suke kowa da kofi a hannu.

Ta ƙarshe daga Kaduna, wata ɗaliba mai karatun ƙananan halittu, sashensu zai kai su ziyarar karatu wani kamfanin da ke yin giya da lemon malt, tana tambaya ko atamfa da silifas sun yi tunda zafi ake.

Silifas a'a, tun a get ma za a iya mayar da ke. Ziyarar karatu har cikin wurin aiki ake shiga, inda ake cika kwalabe akwai fasassun gilasai da ruwa a ƙasa da ƙara mai cika kunne, wataƙila ma su ba ku rigar nan mai ƙyalli da hular kwano ku ɗora a kan kayanku. To ki yi tunanin hular kwano a kan ɗaurin ɗankwali mai hawa biyu. Ki sa hijabi ƙarami mai kwanciya a kai, siket ɗin da ba ya matse ƙafa ko wando, awarwaro da dogon ɗankunne su zauna a gida. In ba ki da kambas ki leƙa 'yan gwanjo a Kasuwar Barci, ki gwada shi da safar da za ki sa ranar, ki juya ƙasansa ki duba bai siɗe ba kafin ki biya.