Ƙashin baya ne ya karye, me ya hana ƙafafu motsi?

Tambaya: Ƙanena ya faɗo daga kan babur a Kwangila. Likitoci sun ce ƙashin bayansa ya karye a T12. Hannuwansa lafiya lau, amma ƙafafu ba motsi, fitsari ma sai da roba. Dangi sun matsa a kai shi wurin mai ɗori. Me ke faruwa, kuma zai sake takawa? Daga wata mai karatu, Tudun Wada, Zariya.

Amsa: Allah ya ba shi lafiya, 'yar'uwa. Kada ku kai shi ɗori. Lakarsa ce ta samu rauni, kuma ja da dannawar da ake yi wajen ɗori na iya tura tsagin ƙashi ya ƙarasa jijiyoyin da suka tsira.

Gadon baya ƙasusuwa 33 ne a jere: 7 a wuya, 12 a tsakiyar baya inda haƙarƙari ke manne, 5 a ƙugu, sai 9 na can ƙasa da suka haɗe. Harafin C a takardar asibiti na nufin wuya, T tsakiyar baya, L ƙugu, wato T12 shi ne na ƙarshe kafin a shiga ƙugu. Ta ramin da ke cikin ƙasusuwan nan laka ta ratso daga ƙwaƙwalwa. Tsawonta wajen santimita 45, kaurinta kamar ɗan ƙaramin yatsa, kuma tana ƙarewa ne tsakanin L1 da L2. Jijiyoyi 31 ke fita daga kowane gefenta, su kai umarni ga gaɓoɓi, su dawo da labarin taɓi da zafi.

Duk inda laka ta ji rauni, abin da ke ƙasa da wurin shi ke shanyewa. Jijiyoyin hannu daga C5 zuwa T1 suke fita, can sama da karayar, shi ya sa hannuwansa suka tsira. Na mafitsara da bayan gida kuwa a ƙarshen laka suke, don haka da wuya a ji wannan rauni ba a taɓa su ba. Da a saman wuya ne, C3 zuwa C5, har numfashi sai ya gagara.

Batun takawa ya danganta da ko saƙo ya yanke gaba ɗaya ko akwai sauran mai wucewa. Likita zai gwada ko yana jin taɓi a kewayen dubura, ko yana iya matse ta. Gwajin da nauyi a ido, amma ku bari a yi, domin in akwai ji a wurin to akwai kyakkyawan fata. A kwanakin farko laka kan yi ɗif, sai a ga kamar komai ya mutu, saboda haka ba a yanke hukunci da wuri. Yawancin sauƙin da za a samu cikin wata 6 na farko yake bayyana. Jijiyar laka da ta tsinke ba ta sake haɗuwa. Aikin tiyata shi ne ɗage abin da ya danne ta da kafe ƙashin da ƙarfe. Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika yana da likitocin wannan fanni. Ku nemi su yi muku bayanin hoton MRI ɗinsa, wato hoton da ke nuna halin da lakar ke ciki.

Kafin nan, abin da ya fi kayar da irin waɗannan majinyata rashin kyakkyawar kulawa ne. A juya shi duk bayan awa 2, dare da rana, mutum uku ko huɗu tare, kafaɗa da ƙugu su tafi a lokaci guda ba tare da murɗa baya ba. Kullum a duba ƙasan ƙugu da diddige. Jan da bai gushe ba mafarin gyambo ne. Kada a matso masa da kaskon wuta ko ruwan zafi lokacin hunturu, zai ƙone bai sani ba. Zazzaɓi, fitsari mai duhu da wari, ko kumburin ƙafa ɗaya, a sanar da likita a ranar. Masu gashin ƙashi na asibiti za su koya muku lanƙwasa gwiwa da idon sawu kullum don kada su sandare.