Tambaya da Amsa: Bindigar gona, madubin hange da abin da doka ta ce

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ni manomi ne a ƙasar Bagudo. Gonata na nesa da gari, gadu da birai na yi mini ɓarna, ga kuma halin rashin tsaro da ake ciki. Wace bindiga ta dace in mallaka, kuma dole ne in haɗa da madubin hange?

AMSA: Wa alaikumus salam. Malam, takarda ake fara nema kafin ƙarfe. Dokar makamai ta 1959 ta kasa bindigogi gida uku. Bindigogin yaƙi irin su AK-47, da fistol, sai da lasisin Shugaban Ƙasa, wato ba na farar hula ba ne. Bindigar harbin tsuntsu mai baki ɗaya ko biyu, da raifal ta farauta, da bindigar iska, lasisinsu na hannun Sufeto Janar na 'yan sanda, kuma dokar ta cire mai sarrafa kanta da wadda ake ja ta ɗura kanta daga wannan rukuni. Bindigar toka kuwa, wadda ake ɗurawa ta baki, Kwamishinan 'yan sanda na jiha ne ke ba da izininta. Gwamna ba ya cikin jerin. Shi ya sa a 2022, da gwamnatin Zamfara ta ce jama'a su nemi bindiga su kare kansu, Babban Hafsan Tsaro na lokacin, Janar Lucky Irabor, ya ce gwamna ba shi da wannan hurumi. A 2023 kuma Sufeto Janar na lokacin, Kayode Egbetokun, ya sanar da dakatar da ba da sabon lasisi. Don haka ka je hedikwatar 'yan sanda a Birnin Kebbi da ƙafarka, ka ji matsayin da ake kai, kafin ka ba kowa ko sisi.

In lasisi ya samu, abin da ya dace da gona shi ne mai baki ɗaya ko biyu, lamba 12 (lambar da ke nuna faɗin bututu), daga dila mai rajista. Tana karyewa biyu, ido na ganin ko da harsashi a ciki, kuma kayan cikinta kaɗan ne, ba ta yawan lalacewa. Karanta rubutun da ke jikin bututun: in an sa 70, wato mazaunin harsashinta milimita 70 ne, kada ka kuskura ka saka harsashi mai tsawon milimita 76. Zai shiga, ta rufu, amma in ya tashi bakinsa ba ya samun wurin buɗewa, sai matsin ya wuce kima. Harsashin lamba 20 ma, wanda ya fi na 12 siranta, kada ya kwana aljihu ɗaya da na 12, domin yakan zurma cikin bututu ya maƙale, mutum ya ɗora wani a bayansa, bututun ya fashe a hannunsa.

Harbinta mai tasiri yana tsayawa ne tsakanin mita 30 zuwa 40, ko da yake ƙwayoyin na wuce nan, kuma ƙwayoyin bazuwa suke yi, saboda haka madubi a kanta asarar kuɗi ce. Ƙananan ƙwayoyin harbin zabi rauni kawai suke yi wa gadu, shi kuwa gadu mai rauni kan mutum yake yowa.

Batun tsaro, gara mu faɗa maka gaskiya. Harbi biyu da tasirinsu ba ya wuce mita 40 ba za su tare masu bindigar da ke kai mita 300 ba, kuma gidan da aka san akwai bindiga yakan zama abin nema. Tafiya gona a ƙungiyance, dawowa kafin la'asar sakaliya, waya mai caji da lambar jami'an tsaro na yankinku sun fi ta amfani.

TAMBAYA: Ina da bindigar iska mai lasisi. Na sayi madubi an rubuta 3-9x40, amma kullum saitin gocewa yake yi. Mene ne dalili? Daga wani mai karatu a Zuru.

AMSA: Lambobin na nufin yana kusanto da abu ninki 3 zuwa 9, gilashin gaba kuma faɗinsa milimita 40. Girman ya isa. Matsalar ita ce bindigar iska mai sifirin tana girgiza gaba da baya, madubin da ba don ita aka yi ba kuwa kayan cikinsa kwancewa suke yi. Kafin ka yanke masa hukunci, duba sukurorin zoben da ke riƙe da shi, yawanci nan ɓarnar take. Ɗaure su bi da bi, kaɗan-kaɗan, kada ka danne har jikin madubin ya lotsa. Sannan ka ɗora bindigar kan buhun yashi, ka kafa takarda a mita 25 da tudun ƙasa a bayanta, ka yi harbi uku ba tare da taɓa komai ba. Tsakiyar ukun nan za ka bi ka gyara. A yawancin madubai kowane "ƙas" na maɓallin yana matsar da harbi kusan milimita 7 a mita 100, wato ƙasa da milimita 2 a mita 25, don haka gyaran santimita 2 zai ci wajen goma sha ɗaya. In bayan wannan harbi ukun ba sa taruwa wuri ɗaya, mai yiwuwa madubin ya mutu.

TAMBAYA: Yaya zan hana bindigar toka ta gado tsatsa? Daga Argungu.

AMSA: Albarushi yana barin gishiri mai jan danshi. Ranar da aka harba, a wanke bututun da ruwan zafi, a tsane shi da tsumma a kan sanda har ya fito fes, sannan a shafa mai kaɗan. Da damina a riƙa dubawa duk mako. Da hunturu a rage man, domin ƙura yake kamawa. Kada a taɓa ɗura mata garin da aka farke daga harsashin zamani, ƙarfinsa ya fi abin da bututun maƙera zai ɗauka. A ajiye ta ba ɗuri, a akwati mai kwaɗo, albarushi kuma a wani wuri daban, nesa da murhu da hannun yara.