Amsa ga ƙaninmu kan arahar miksa da makirfon da aka yi masa tayi

Assalamu alaikum wa rahmatullah. 'Yan'uwa abokan sana'a, barkanmu da warhaka. Na saurari muryar da ƙaninmu ya turo daren jiya, inda ya ce yana shirin buɗe ƙaramin situdiyo, ya zagaya shagunan Sabon Gari ya tarar da miksar Behringer, wato na'urar haɗa sautuka, kuɗinta bai kama ƙafar na takwarorinta ba, sannan wani ya yi masa tayin makirfo Shure SM58 sabo dal a kwali a kan kuɗin da bai kai rabin wanda ya saba ji ba, shi ne yake tambaya ko duka biyun jabu ne. Ƙanina, arahar nan iri biyu ce, kuma a matsayina na wanda ya daɗe yana buɗe cikin kayan nan yana gyarawa, ina so ka raba su tun kafin ka fitar da kuɗinka.

Behringer ba jabu ba ne. Kamfani ne da Uli Behringer ya kafa a Jamus a 1989, ya kuma mayar da ƙere-ƙerensa ƙasar Sin tun da wuri, inda a yau yake da katafariyar masana'anta tasa ta kansa a birnin Zhongshan. Wanda yake ƙera abu dubbai a lokaci guda, a rumfarsa, da ma'aikatansa, dole kuɗin kowane guda ya sauko. Amma akwai wani dalilin da ya sa ake yawan ce-ce-ku-ce a kansa, wato kwaikwayon ƙirar wasu. Kamfanin Mackie ya kai shi kotu a Amurka a 1997 kan zargin kwafar miksa, bai kuwa samu abin da ya nema ba. Kamfanin Roland ma ya shigar da ƙara a 2005 saboda kamannin kayan Behringer da ƙananan na'urorinsa na jita masu tambarin Boss, daga baya aka sasanta. Misalin da ya fi fitowa fili shi ne Minimoog, na'urar kiɗan da kamfanin Moog ya fitar a 1970: lokacin da Moog ya sake ƙera ta a 2016 kuɗinta ya haura dala 3,000, sai Behringer ya fito da tasa mai suna Model D a kan kusan dala 300. Doka ba ta hana ba, domin kariyar da ake ba mai ƙirƙira shekara 20 ce, idan ta ƙare kowa yana iya ƙerawa.

Ni dai a raina abin yana da nauyi, domin wanda ya ɓata shekaru yana bincike shi ne ya share gona, wani kuma ya zo ya yi girbi. Sai dai ba zan yi butulci ba. Bayan Behringer ya sayi kamfanonin kayan sauti na Midas da Klark Teknik a 2009, ya fitar da miksar X32 a 2012, kuma da yawa daga cikinmu da ba don wannan miksar ba, da har yau ba mu taɓa sa hannu a kan miksar dijital ba, sai dai mu gan ta a hoto.

Abin da ya kamata ka sani shi ne inda ake rage kuɗi a kaya masu araha, ko na wane kamfani ne. Ba kasafai ake rage shi a sauti ba, shi ya sa ranar farko kunnenka ba zai ji bambanci ba. Ana rage shi ne a abubuwan da hannu yake taɓawa kullum, wato maɓallan murɗawa da na ja sama da ƙasa da ramukan da ake soka waya, sai kuma sashen da yake karɓar wuta. Waɗannan kuwa su ne daidai wuraren da ƙasarmu take ci. Ƙurar hunturu tana shiga cikin maɓalli, bayan shekara guda ka ji yana ƙarar ƙas-ƙas duk lokacin da ka taɓa shi, zafin bazara yana busar da ƙananan kayan ciki, wutar NEPA da ta janareta kuma tana hawa tana sauka ba sallama.

Batun makirfon kuwa daban ne, kuma a nan nake so ka buɗe ido. SM58 tun 1966 ake yin sa, kuma shekaru da dama kuɗinsa a Amurka yana wajen dala 100. Yi lissafi da kanka. Kafin watan Yuni na 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin gwamnati, a 2024 ta haura 1,500, ke nan dala 100 ta tashi daga naira 46,000 zuwa sama da 150,000, ba a sa kuɗin dako da na kwastam da ribar ɗan kasuwa ba. Duk wanda ya ce zai ba ka sabo a ƙasa da rabin wannan, to sunan kawai yake sayar maka. Kada kwali ya ruɗe ka, domin masu jabu sun ƙware a kwali da takarda, har nauyin ma suna cikawa. Ka sa a jona shi a lasifika, ka murza jikinsa da tafin hannunka ba tare da ka yi magana ba. Na ainihi yana da wata roba a ciki da take shanye motsin hannu, sai ka ji ƙarar kaɗan, na jabu kuwa za ka ji kamar ana jan buhu a kan siminti. Sannan ka juya shi ka yi magana ta bayansa. Na ainihi ta gaba yake ɗaukar murya, yana ƙin ta baya, shi ya sa ba ya saurin sa lasifika kuka a wurin taro.

Akwai wata yaudarar da ba ka tambaya ba, amma za ka haɗu da ita ranar da za ka sayi amfilifaya, na'urar ƙara ƙarfin sauti, ita ce lambar wat, wato ma'aunin ƙarfinta, da ake rubutawa ɓaro-ɓaro a gaba. Idan ka ga PMPO kusa da lambar, ka ɗauke ta ado ce kawai. Wadda ake aiki da ita ita ce RMS, wato ƙarfin da na'ura take iya bayarwa a ɗore. Tun 1974 hukumar kula da ciniki ta Amurka ta kafa ƙa'ida a kan yadda za a riƙa bayyana wannan ƙarfi, saboda ƙaryar ta yi yawa. Hanya mafi sauƙi ita ce ka duba fiyus ɗin da ke baya. Idan na amfiya 2 ne, ka ninka da ƙarfin wutarmu, wato bolt 230, ka sami wat 460, to ta yaya na'urar da ba ta iya jan fiye da wat 460 daga bango za ta ba ka 5,000 a ɗore?

Watannin baya wani bawan Allah ya kawo mini amfilifaya da ta mutu ana tsakiyar walima, ango da baƙi suna zaune. Da na kwance ta, sai na tarar an goge lambobin da ke kan ƙananan kayan ciki da sanfefa don kada mai gyara ya san abin da zai saya ya maye gurbinsu, wayar tiransifoma kuma alminiyam ce aka shafa mata launin jan ƙarfe, a gefe guda an ɗaure wani guntun ƙarfe da ba ya aikin komai sai ƙara nauyi. Mutumin nan bashi ya ci ya saye ta. Wallahi na rasa abin da zan ce masa, domin babu abin gyarawa a ciki.

Wannan ne ya sa ni tambayata ta farko a kan kowane kaya ita ce: idan ya lalace, wa zai gyara, kuma ina kayan gyaransa? Yawancin abin da ke shagunanmu ta hannun 'yan kasuwa yake shigowa, daga kasuwar Alaba ta Legas ko Dubai ko Guangzhou, ba ta hannun dilan da kamfani ya amince da shi ba, saboda haka takardar garantin da ke cikin kwali ba ta da inda za ka kai ta. Dalilin da ya sa makaɗanmu na Kano suka riƙe fiyanon Yamaha PSR shekara da shekaru ke nan: masu gyara sun san cikinsa, robar da ke ƙarƙashin maɓallansa ana samunta, kuma ko ka gaji da shi akwai mai saye. Idan kuma na gwanjo za ka saya, ka karanta bayansa, domin kayan Amurka da yawa na wuta mai bolt 120 ne, kana jona su a tamu sun ƙone.

Saboda haka ƙanina, miksar ka saye ta idan ita kuɗinka ya kai, amma ka haɗa da sitabilaiza mai kyau, ka kuma sa tela ya ɗinka mata riga saboda ƙura. Makirfon kuwa ka bar wa mai shi, ka tara kuɗi ka sayi na ainihi ko da guda ɗaya ne. Ka roƙi mai shago ya rubuta maka a rasit cewa kana da kwana uku na gwaji, sannan ka kawo mini miksar shago ranar Asabar bayan la'asar, mu jona ta mu bi layukanta ɗaya bayan ɗaya kafin wa'adin ya cika. Wassalamu alaikum.