Wa ya cancanta ya shiga tsakanina da banki kan gidana?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ina zaune a Sakramento, jihar Kalifoniya, a Amurka. A 2022 na sayi gida da bashin banki. Bara aikina ya tsaya, yanzu wata huɗu ban biya ba. Bashin da ya rage a kaina dala 310,000 ne, dillalai kuma sun ce gidan ba zai wuce 275,000 ba. Wani ɗan'uwa da muke salla tare ya ce zai shawo kan bankin ya yarda a sayar da gidan ƙasa da bashin. Yana son dala 3,000 kafin alƙalami, ya ce in daina ɗaga wayar banki, kuma za a rubuta ƙanin matata a matsayin mai saye don mu ci gaba da zama a ciki. Shi ba dillali ba ne, ba lauya ba, amma mutumin kirki ne. Ya halatta ya yi mini wannan aikin? (Wani mai karatu, Sakramento)

AMSA: Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya yaye maka wannan ƙunci, ya buɗa maka ƙofar wani aikin. Kada ka ba shi ko sisi, kuma kada ka sa hannu a wata takarda da ya kawo.

Ban ce mutumin banza ne ba, wataƙila da zuciya ɗaya yake. Amma a Kalifoniya duk wanda zai tattauna da banki kan bashin gidan wani domin a biya shi, sai yana da lasisin dillancin gidaje daga hukumar jihar, ko yana aiki ƙarƙashin babban dillali mai lasisi, ko kuma lauya ne da ke aikinsa na lauya. Yin hakan ba lasisi laifi ne da kan jawo tarar da ta kai dala 20,000, ko ɗaurin wata shida, ko duka biyun. Kai da kanka kana iya magana da bankinka ba tare da wani lasisi ba, tunda bashinka ne. Kuma banki ba zai saurari kowa a madadinka ba sai ka rubuta masa takardar izini, don haka ka san wanda za ka ba wa ita.

Dokar ba haka kawai ta faɗo ba. Bayan rushewar kasuwar gidaje a 2008, miliyoyin Amurkawa suka wayi gari bashinsu ya fi gidajensu daraja. Nan da nan masu "taimako" suka cika gari, suna karɓar kuɗi tun farko, su ɓace, gida kuma ya tafi gwanjo. Shi ya sa a 2010 hukumar kasuwanci ta tarayya, FTC, ta kafa ƙa'ida, kuma daga ƙarshen Janairun 2011 aka hana irin waɗannan masu shiga tsakani karɓar kuɗi sai banki ya ba da tayi a rubuce kuma mai gida ya amince. Ƙa'idar ta kuma hana su ce wa mutum ya yanke magana da bankinsa. Ka ga abu biyu daga cikin ukun da aka nema a wurinka, doka ta ambace su ɓaro-ɓaro.

Na ukun shi ya fi tayar mini da hankali. Kusan kowane banki zai sa mai sayarwa da mai saye su rattaba hannu kan takardar rantsuwa cewa ba dangantaka tsakaninsu, kuma ba wata yarjejeniyar ɓoye ta mayar maka da gidan. In ka ɓoye cewa mai sayen ƙanin matarka ne, ka shiga damfarar banki, ka kuma jawo shi ciki. Sannan ka zubar da babban gatan da jiharka ta yi maka. Tun 2011 dokar Kalifoniya ta ce in banki ya amince a rubuce a sayar da gidan zama ƙasa da bashi, ba shi da ikon bin mai gida ragowar, kuma a watan Yulin shekarar aka haɗa har da masu ba da bashi na biyu, wato wani bankin da shi ma gidan ke jingine a wurinsa. Wato dala 35,000 ɗin nan da ke tsakani za ta sauka daga wuyanka. Amma wannan kariya ba ta rufe wanda ya yi ha'inci a cinikin. Masu karatu da ke wasu jihohin su lura: a wurare da dama banki na iya bin ku ragowar bayan an sayar, sai dai in takardar amincewarsa ta faɗi ƙarara cewa ya yafe.

Na san abin da ke jan mu zuwa ga ɗan'uwa. A gida, dillali yakan yi cinikin fili da shaidar mai unguwa da dattawa, in ya ci amana akwai inda za a kai ƙararsa kuma kunya ta kama shi. A can Amurka lasisi ne ke wannan aikin: akwai hukumar da za ta ƙwace shi, akwai rajistar da za ka duba a intanet ka ga ko an taɓa hukunta mutum. Wanda ba shi da lasisi, in abu ya lalace, ba abin da zai rasa, kai ne da iyalinka a waje.

A ra'ayina lasisin dillanci shi kaɗai bai wadatar ba, ko da doka ta yarda da shi. Dillali ya san farashi, ya san yadda ake ja da ƙimar da banki ya sa aka yi wa gida, ya iya bin ma'aikatan banki har su amsa. Amma la'adarsa ba ta fitowa sai an kammala ciniki, don haka ransa yana kan a sayar, ko da gyara sharuɗɗan bashin ya fi maka alheri. Kuma fassara maka sakamakon takarda a shari'a ba aikinsa ba ne. Ni dai abin da nake gani daidai shi ne dillali mai lasisi ya ja ciniki, lauyan da kai ka ɗauka ya karanta takardar amincewar banki kafin ka sa hannu. Kuɗin awa ɗaya ko biyu na lauya bai kai rabin abin da ake nema a wurinka ba.

Gobe da safe ka kira bankin, ka nemi sashen da ke kula da waɗanda biya ya gagara. Ka kuma nemi mai ba da shawara kan gidaje wanda ma'aikatar gidaje ta tarayya, HUD, ta amince da shi. A irin halinka kyauta suke yi, kuma su za su fara duba ko akwai hanyar riƙe gidan. In sayarwar ce mafita, ka tambayi dillali irin wannan ciniki nawa ya kammala. La'adarsa daga kuɗin gidan take fita da yardar banki, a rubuce cikin takardar rufe ciniki, ba daga aljihunka ba. Ka tanadi wasiƙar bayanin halin da ka shiga, takardun asusunka da na haraji.

Kada ka manta da haraji: bashin da aka yafe, hukumar haraji na iya lissafa shi a matsayin kuɗin shiga, banki kuma zai aiko maka da takarda mai lamba 1099-C. Akwai rangwame ga wasu, don haka ka nuna wa mai lissafin haraji tun kafin a rufe ciniki. Ka kuma yi sauri, Malam, domin bayan kwana 120 na rashin biya banki yana da damar fara matakin ƙwace gida, kai kuma ka kai wurin. Wanda aka ƙwace wa gida yakan jira shekara bakwai kafin ya samu bashin gida irin na Fannie Mae (kamfanin da gwamnati ke mara wa baya, mai sayen bashin gidaje daga bankuna), wanda ya sayar da yardar banki kuwa shekara huɗu.