Amsa ga ɗalibar da ke neman girkin yogot mai sauƙin kuɗi a hostel

Wa alaikumus salam ƙanwata. Kin ce kina hostel, risho ɗaya gare ki da ƙaramar tukunya, babu firij, kina son yogot amma kuɗin na roba ya fi ƙarfin aljihunki, to me za ki riƙa haɗawa da shi ya ƙosar? Na ga wasu sun ce ki sayi babban galan ki ajiye. Kada ki yi haka. Wanda ba shi da firij ba ya tara yogot, kwana ɗaya cikin zafi ya isa ya kumbura robar. Dabarar ita ce ki riƙa haɗa kaɗan da dare, rabin lita, ki cinye shi washegari. Girkin duk mai sauƙi ne, ajiyar ce ke ba mutane ciwon kai.

Bari mu fara da haɗa shi, tunda in wannan ya zauna sauran wasa ne. Ma'aunin da kowa ke da shi a hostel za mu bi: ledar fiya wata ɗaya, wato rabin lita, da gwangwanin madarar ruwa ƙarami wanda aka wanke ya bushe. Ruwa leda ɗaya, madarar gari gwangwani ɗaya cike. Ki nemi madara mai maiƙo ta awo, ki tabbatar madara ce. Akwai farin garin da ake sa wa shayi don ya yi fari kawai, yawancinsa mai ne da sitaci, shi ba ya kama jiki ko ya kwana biyu. Ki dama garin da ruwa kaɗan har gudaji su mutu, ki ƙara sauran ruwan, ki ɗora a wuta marar ƙarfi kina juyawa don kada ta kama ƙasa. Da kin ga ƙananan kumfa sun fara taruwa a gefen tukunya, ki sauke. Mutane da yawa suna tsallake dafawar nan suna cewa ai madarar gari an riga an sarrafa ta. Zai yi, amma wanda aka dafa ya fi kauri kuma ba ya saurin tsatsafo da ruwa.

Wurin hucewa ne aka fi yin kuskure. Ƙwayoyin da ke mayar da madara yogot masu rai ne, sun fi aiki a zafin digiri 43 zuwa 45. Ba ki da ma'auni, don haka ki wanke hannu sosai ki tsoma ƙaramin yatsa. In kin iya ƙirga goma ba ki zare ba, kuma kina jin ɗumin sosai, ta yi. In ta fi haka zafi za ta kashe irin, wato ɗan yogot ɗin da za ki zuba mata don ta kama, ki wayi gari da madara tsululu. In ta yi sanyi da yawa aikin zai ja, sai ki ga yogot ɗin yana yauƙi kamar miyar kuɓewa.

Irin, wanda masu sana'ar ke kira sitata, babban cokali ɗaya ya isa rabin lita. Kada ki ce bari in ƙara don ya fi kauri, yawan iri tsami yake kawowa da ɓarɓashi. Ki saya daga yogot marar zaƙi da aka ciro daga firij, sabo. Na kwali da ake jerawa a kanta wata da watanni ba ya lalacewa, galibi an dafa shi bayan ya yi tsami, babu sauran mai rai a ciki, ba zai yi miki iri ba. Kindirmo mai kyau na wurin Fulani yana kamawa, sai dai ɗanɗanon yakan bambanta daga yau zuwa gobe. Nonon da aka kaɗe aka cire man, aka tsinka da ruwa, shi kam bar shi ga fura. Ki ɗebi madarar mai ɗumi kaɗan ki dama irin a kofi, ki juye a tukunya, ki juya sau biyu ko uku, shi ke nan.

Ki ɗauraye kular abinci ko filas mai faɗin baki da tafasasshen ruwa, ki zuba, ki rufe, ki ajiye inda ba mai taɓawa. Filas ɗin shayi mai ƙaramin baki yana riƙe zafi, amma fito da yogot ɗin da wanke shi wahala ne, kuma ragowar da ta maƙale ita ke ɓata na gaba. Awa shida zuwa takwas. In kin haɗa bayan isha'i, da asuba ya yi. Lokacin hunturu a wuri irin Zariya ko Jos ki naɗe kular da bargo, ki ba shi har awa goma. A zafin Afrilu na Sakkwato ko Maiduguri kuwa ko kula ba kya buƙata, roba mai murfi ta isa, kuma ki duba shi tun awa biyar. Kada ki riƙa buɗewa kina girgizawa don ki ga ko ya yi. Girgiza tana karya shi tun bai haɗe ba.

Da kin buɗe, kafin kowa ya sa hannu, ki cire cokali ɗaya da busasshen cokali mai tsabta ki rufe a ƙaramar roba, shi ne irin daren yau. Ki sa robar cikin kwano mai ruwan sanyi a inuwa. Bayan zagaye huɗu ko biyar ki sayo sabon iri, don na hannunki zai fara rauni. Sukari kuma sai a kofin da za ki sha. In kin zuba tun farko kin rufe wa kanki ƙofar duk wani girki na gishiri.

To abin ci. Na safe da ya fi riƙe ciki a ganina shi ne kuskus. Gwangwani ɗaya, ki zuba tafasasshen ruwa gwangwani ɗaya da ɗan gishiri, ki rufe minti biyar, ki warware da cokali mai yatsu, ki bari ya huce sarai. Sannan yogot gwangwani biyu, sukari ko dabino yankakke. In kin zuba kan mai zafi zai tsinke ya zama ruwa. Asalin wannan haɗin da gero ake yinsa, irin dakkeren Fulani, wanda a Ghana ake sayarwa da sunan burkina, amma turara gero a ɗakin mutum shida ba ƙaramin aiki ba ne. Fura kuwa kin san ta: ki fara murje ta da ruwa kaɗan kafin yogot ya shiga, in ba haka ba gudaji ba za su mutu ba. Garin kwaki ma haka, ki jiƙa shi da ruwa ya gama kumbura, ki tsiyaye, sannan yogot da soyayyar gyaɗa. In kin zuba garin a bushe zai shanye komai ya zama kamar tuwo.

Ayaba, mangwaro, kankana da kwakwa duk suna tafiya da shi. Ɗanyar abarba da gwanda ne masu matsala. Suna da sinadarin da ke narka furotin ɗin madara, in suka jima a ciki sai ya yi ɗaci ya tsinke. In za ki sa, ki sa ki ci nan take.

Abin da ya fi rage kashe kuɗi shi ne gurasar kasko, don tana maye gurbin burodi. Fulawa gwangwani biyu, bekin hoda ƙaramin cokali ɗaya, gishiri kaɗan, mai cokali ɗaya, yogot gwangwani ɗaya. Ki kwaɓa, in yana manne wa hannu ki barbaɗa fulawa kaɗan-kaɗan. Ki rufe minti ashirin, wannan hutun ne ke sa ya yarda a murza shi ba ya komawa. Ki raba huɗu, ki murza da kwalba mai tsabta, ki gasa a busasshen kasko mai zafi, minti biyu kowane gefe, har ta yi tabo-tabo. Ki riƙa sa su cikin tsumma mai tsabta kina rufewa, tururin ne ke hana su bushewa. In ta fito da tauri, ko fulawa ta yi yawa ko wutar ta yi ƙasa ta daɗe a kasko. Ki ci da wake, da ƙwai, ko ki yayyafa ruwa ki barbaɗa garin ƙuli da mai da albasa kamar bandashen Kano. Wannan kwaɓin in kin ƙara ƙwai ɗaya, sukari cokali biyu da ruwa rabin gwangwani, ya zama na fanken kasko. Kada ki buga shi da yawa, ƴan gudaji ba laifi. Nan ne ma gidan yogot ɗin da ya yi tsami har ba ya shawuwa.

Ki gwada tacewa kuma. Ki shimfiɗa farin ƙyalle mai tsabta, irin na tace koko, a kan rariya, ki zuba yogot ki bar shi awa biyu. Zai ragu kusan rabi ya yi kauri. Ki sa gishiri, tafarnuwa ɗaya dakakkiya da yaji, kin sami abin dangwala awara, dafaffen dankalin Hausa ko soyayyar doya, ya kuma tsaya a madadin mayonis cikin kabeji da karas. Sai za a ci za ki haɗa, domin gishiri yana jawo ruwan kabeji da kokwamba. Ruwan da ya ɗiga kada ki zubar, ki kwaɓa fulawa da shi. Ranar da Allah ya hore kaza, yogot cokali uku da citta, tafarnuwa da gishiri, ki cuɗe naman ki bar shi minti talatin zuwa awa ɗaya kafin suya. Babu firij, kada ya wuce haka. Ki share yawan yogot ɗin kafin ya shiga mai, in ba haka ba zai yi ta fantsama yana ƙonewa.

Yogot ba ya son tafasa. In kina so a miya ko a Indomie, ki sauke tukunyar tukuna ta ɗan huce. In dole sai ya dahu, ki dama shi da ƙaramin cokalin fulawa kafin ki zuba, ki rage wuta.

Tsami kaɗai ba lalacewa ba ne, haka ruwan da ke taruwa a sama, ki juya ko ki tsiyaye. Amma in murfin ya kumbura, ko yana kumfa yana tsartsatsi a harshe, ko yana warin yis, ko kin ga ɗigon kore ko ja-ja a kai, ki zubar da shi duka har da irin da kika cire daga cikinsa, ki wanke kular da tafasasshen ruwa ki shanya a rana. Kuma ki ja kunnen ƴan ɗakinku, kowa ya ɗiba a kofinsa, kada wanda ya mayar da cokalin da ya shiga baki cikin kular.