Shekarata 46, ciniki ana yi amma ban ajiye ko sisi ba: amsa ga wani ɗan kasuwar Sabon Gari

Wani bawan Allah mai shagon kayan masarufi a kasuwar Sabon Gari nan Zariya ya turo min saƙo, ya ce in ɓoye sunansa. Ga abin da ya ce: "Malam, shekarata 46, shekara 19 ina kasuwa, mata ɗaya 'ya'ya shida. Gidan da nake ciki nawa ne alhamdulillahi, amma banda shi ban da komai a ajiye. Ciniki ana yi, kuɗin ne ba sa zama. Maƙwabcina a kasuwa ciwon ƙafa ya kwantar da shi wata takwas, kafin ya tashi shagon ya ƙare tas, abin ya tsorata ni. Me zan rage a gida don in tara abin da zan ci in ƙarfi ya ƙare?"

Alhaji, Allah Ya ba maƙwabcinka lafiya, kai kuma tsoron nan da ka ji alheri ne, don mu 'yan kasuwa ba mu da fansho ba mu da garatuti, ma'aikacin gwamnati ko na ABU duk wata ana cire masa wani abu ko yana so ko ba ya so, kai kuwa ranar da ka kasa ɗaga ƙofar shago ranar albashinka ya tsaya. Amma kafin mu je kan tukunyar gida bari in tambaye ka abu ɗaya, nawa gidanka yake ci a wata? In ka ce min "to, Allah dai Ya sani", to nan matsalar take, ba a miya ba.

Na taɓa wuni a shagon wani abokina a Tudun Wada, shi ma irin kukanka yake, na ce masa yau ba ruwana da ciniki, hannunka kawai zan duba. Na sayi ƙaramin littafi na zauna a kan benci, duk sanda ya ja durowa ya ciri kuɗi ba don canji ba sai in rubuta. Yaro ya zo daga gida a ba da kuɗin niƙa da magi, mai shayi ya zo, an sa kati a waya, ɗan acaɓa ya kai saƙo Kwangila, ƙanin matarsa ya biyo a gaisa aka ba shi na mota, da la'asar yaron nan ya sake dawowa wai manja ya ƙare, shi kuma ya ɗauki gwangwanin madara biyu da sabulu daga kanta ya sa masa a leda, wannan ma ko a lissafi bai sa ba don a ganinsa ai kayansa ne. Da aka kira magariba na haɗa masa, 11,300, banda kuɗin cefanen da ya bari da safe. Ya karɓi littafin ya yi ta kallo, ya ce wallahi da ka tambaye ni da na ce bai kai dubu uku ba.

To kai ma haka nake zato. Gida da shago sun zama aljihu ɗaya, kuma muddin suna haka ko ka hana iyalinka nama shekara guda ba za ka ga abin da ka rage ba, zai koma durowa ne ya bi ta wata hanyar. Don haka ka yanka wa kanka albashi. Ka yi wata ɗaya cur kana rubuta duk abin da ya fita saboda gida, har kayan da ka ɗauka a kanta ka rubuta su a farashin da kake sayarwa, ƙarshen wata ka zauna da uwargida ku duba tare, ku tsayar da adadi ku ce wannan shi ne na gida. Daga ranar in an zo karɓar sukari a shago a kawo kuɗi daga na gida a saya kamar kowa. Zai yi maka nauyi a makon farko, yara ma za su ga kamar Baba ya canza, amma za a saba.

Kuma don Allah ka sa Hajiya a cikin maganar tun farko, ka gaya mata dalili, ka ba ta labarin maƙwabcinka. Na ga magidanta da yawa da suka tashi tsimi sai su fara da rage kuɗin cefane ba tare da sun ce komai ba, su kuma a waje tsire da lemo ba su fasa ba, wannan zalunci ne kuma ba ya ɗorewa. Ita ta fi ka sanin inda ake ɓarna a gidan, ta san tuwon da ake tuƙawa ya yi yawa a wayi gari a zubar maimakon a yi ɗumame, ta san mudu nawa wata ke ci.

Inda kuɗi na gaske yake a gida shi ne sayen tsinta-tsinta. Kai ɗan kasuwa ne, ka fi kowa sanin ribar da ake ɗorawa a ƙulli-ƙulli, amma gidanka kullum a ƙulli yake saye. Allah Ya ajiye mu a tsakiyar ƙasar noma, ga Giwa ga Soba ga Maƙarfi, da kaka ka shiga ka sayi masara da dawa da waken da zai kai ku shekara, waken ka zuba a buhun PICS mai leda biyu a ciki ka ɗaure da kyau ba sai ka sa magani ba. Lokacin da tumatir da tattasai suka yi araha a yanka a shanya, kuɓewa da kuka ma haka iyayenmu suke yi. Amma ka ji da kyau, na ci na ce ka saya, ban ce ka kwashi jarin shago ka tara hatsi don jiran tsada ba, waɗanda suka yi haka a kakar 2024 da yawa sun ji jiki da farashi ya faɗi a 2025.

Sai man fetur. Tun da aka cire tallafi a watan Mayun 2023 litar da muke saye ƙasa da naira 200 ta haura har ta taɓa 1,000, saboda haka janareton da ake tayarwa don kallo har sha biyun dare a rage shi, in da hali ka haɗa ɗan ƙaramin sola na fitila da fanka da cajin waya, sau ɗaya za ka ji zafin kuɗin. Makarantar yara kuwa ban yarda ka taɓa ta ba, sai dai in akwai mai kyau kusa da gida da za ta raba ka da kuɗin Keke Napep kullum.

Wanda ya fi wuyar faɗa shi ne na biki da suna. Anko kala biyu kala uku, gudummawar da ake yi don kar a ce, ɗinkin Sallah da sai an ci bashi. Zumunci wajibi ne ban ce ka yanke ba, amma ka ware masa kasonsa a wata, in ya ƙare ka je da ƙafarka ka yi Allah Ya sanya alheri, wanda zai yi fushi da kai don ba ka yi anko ba ba shi zai biya maka kuɗin asibitin koyarwa na Shika ba.

Yanzu abin da aka rage ina za a kai shi? Da farko ka cire shi da safe, kar ka jira abin da ya saura da yamma don ba ya saura. A ce 2,000 kullum, kwana 26 a wata 52,000 kenan, a shekara 624,000, daga yanzu zuwa ka cika 60 shekara 14, ya haura miliyan 8 da dubu 700 ko ba a juya shi ba. Sai dai kar ka bar shi a asusu ko ƙarƙashin katifa, a 2024 hauhawar farashi ta wuce kashi 30 cikin 100, kuɗin da ke kwance narkewa yake kana kallo. Adashi yana da kyau wajen tarawa, amma ranar kwasa ka riga ka san inda zai tafi, in ba haka ba a ranar za ka ji buƙatu sun taso.

Ka fara tara na wata uku na cin gida a banki, wannan shi ne na ciwo da tsautsayi, shi ne abin da maƙwabcinka ya rasa har aka cinye shagon. In kana gudun kuɗin ruwa ga bankunan Jaiz da TAJ da ba sa harkar ruwa, kuma hukumar inshorar ajiyar banki ta NDIC tun 2024 tana lamunce ajiyar mutum a bankin kasuwanci har miliyan 5. Ka kuma je ofishin KADCHMA, hukumar taimakekeniyar lafiya ta Jihar Kaduna, ka tambayi yadda ake yi wa iyali rajistar taimakekeniyar lafiya. Bayan nan sai na tsufa. Hukumar fansho ta PenCom ta buɗe wa masu sana'ar kansu tsari tun 2019, kana zuba abin da ya sawwaƙa kullum ko mako ko wata, wani kaso kana iya cira in buƙata ta taso sauran kuma a kulle yake sai ka manyanta, kuma wannan kullewar ita ce amfaninsa ga mai saurin hannu, in ka je kamfanin fansho ka tambaya ko suna da asusun da ba ruwa. Akwai kuma Sukuk, wato takardar zuba jari marar ruwa, na gwamnatin tarayya da aka fara a 2017, da 10,000 ma ana shiga in an buɗe. In abin ya taru ka sayi fili ko shagon haya, amma ka bi ta KADGIS, hukumar rajistar filaye ta Jihar Kaduna, ka tabbatar da takarda kafin ka ba da ko kwabo. Duk wanda ya ce kawo dubu ɗari ka karɓi dubu ɗari da talatin a wata, ka tuna MMM da ta cinye kuɗin mutane a 2016 ka yi masa sallama. In ajiyar ta kai nisabi shekara ta zagayo kuma ka fitar da zakka, ka tuntuɓi malaminku kan yadda za ka haɗa lissafin da na kayan shago.

Gobe in Allah Ya kai mu kafin ka buɗe shago ka sayi littafin nan, ka ɗaura masa biro da zare ka ajiye a gefen durowa. Bayan kwana 30 ka turo min abu uku, abin da gida ya ci, kayan da aka ɗauka a kanta, da abin da ya tafi a biki da kyauta, sai mu zauna mu fitar da albashinka.