Ku Tambaya Mu Amsa: Daga Birnin Kebbi zuwa bakin tekun Gana da mota, kwana a tanti

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam, da fatan an wuni lahiya. Mu huɗu ne abokai, duk nan Birnin Kebbi muke, mun haɗa ɗan kuɗi muna son mu ɗauki Siena ta ɗayanmu mu bi bakin teku tun daga Kwatano har Gana, kuma ba mu son otal, tanti muke son mu riƙa kafawa a bakin ruwa muna kwana. Babu wanda ya taɓa ganin teku a cikinmu. Shin abin zai yiwu ko dai mafarki muke? Daga wani ɗan'uwanku a Birnin Kebbi.

AMSA: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Zai yiwu ƙwarai, amma wannan maganar ta a ga rairayi mai kyau a faka mota a kafa tanti, ku cire ta a ranku tun yanzu, zan dawo kanta.

Mu fara da hanya. Wadda kowa ya sani ita ce Kamba zuwa Gaya a haye gada a faɗa Malanbil, to tun juyin mulkin Nijar na 2023 wannan gadar ta shiga rikicin rufe boda, ga shi Nijar ɗin ma ta fita daga ECOWAS a Janairun 2025. Ku da kuke da iyaka kai tsaye da Benin, ta Tsamiya a ƙaramar hukumar Bagudo ana shiga Segbana a fito Kandi, daga nan kwalta ce ta Faraku har Kwatano, sama da kilomita 600. Kafin ku tashi ku je tasha ku tambayi direbobin da ke bin hanyar a satin nan halin da boda take ciki, sun fi kowa sani. Arewacin Benin, musamman wajen dajin W, ana fama da 'yan bindiga, don haka ba tafiyar dare, ba kwanan daji, ku kwana cikin gari a Faraku kawai.

Takardu kuwa nan ne ake yin kuka. Biza dai babu, yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 ta ba ku kwana 90, amma kowa ya riƙe fasfo ko takardar tafiya ta ECOWAS da katin rigakafin shawara, yalo kat ɗin nan. Mota kuma tana son inshorar Brown Card, da lasisin tuƙi na ƙasa da ƙasa, da takardar shigar mota ta wucin gadi da kwastan ke bayarwa a kowace boda, wadda 'yan Faransanci ke ce wa lese-fase. Mai motar ya kasance yana ciki, sunansa ne a takardu, in ba haka ba jandarma zai ajiye ku a gindin bishiya har la'asar, shi ba ya sauri. Kuɗi sefa ce a Benin da Togo, sidi a Gana, kuma da kun shiga Togo ku mayar da agogo baya da awa ɗaya.

To batun tanti. Bakin teku a can duk yana da masu shi, ko ƙauyen masunta ko masu gidajen saukar baƙi, kuma in dare ya yi fili ne babu kowa babu fitila, ga mota mai lambar Najeriya tana tallan kanta. Abin da masu irin wannan yawo ke yi shi ne su shiga ƙananan masaukan bakin ruwa a yi ciniki, su kafa tanti a cikin harabar su biya kuɗi kaɗan, ga banɗaki ga ruwan wanka ga maigadi. Irin su ana samu a Gran-Fofo a Benin, a Gana kuma da Ada Fowa inda kogin Bolta ke shiga teku, da Kokrobite kusa da Akara, da Busuwa can yamma da Takoradi. Ku isa da sauran rana, kar magariba ta same ku kuna neman wurin kwana. Kuma ku duba inda ciyayin ruwa da bawon kifi suka yi layi a kan rairayi, nan ne iyakar da ruwa ke kaiwa in ya ciko, sau biyu yake cikowa a yini da dare, ku kafa can sama da layin. Turakun ƙarfe 'yan siraran nan da ke zuwa da tanti ba sa kama rairayi, iska ɗaya ta tuge su, ku tafi da dogayen turakun ice ko ku cika buhu da yashi ku ɗaure igiya a jiki. Gidan sauro dole ne.

Na san Bakabe ba ya tsoron ruwa, amma don Allah kar wanda ya ce ai shi ya yi iyo a Matan Fada ko a Yawuri. Tekun nan na da wani ja da ke kwasar mutum daga inda ruwa ke iya ƙugu ya yi ciki da shi, Kwatano da Lome duk an san su da haka. Ku tsaya iya gwiwa, in ma za a wuce haka a tambayi masuntan wurin. Alwala dai ta halatta da ruwan teku, sha da girki ne sai kun tanadi jarka. Gishirin iskar ma yana cin ƙarfe, a riƙa wanke ƙasan mota.

Ni da ni ne ba zan yi ta gudu don a ce an kai ƙarshen Gana ba. Togo gaba ɗaya gaɓarta ba ta kai kilomita 60 ba, boda ce ke cin lokaci, Hilakonji ta ɓangaren Benin da Aflawo ta ɓangaren Gana. Ku ba Wida a Benin yini guda ku ga Ƙofar Ba Dawowa inda a da ake loda bayi a jirgi, ku ba Elmina a Gana yini guda, ginin da Turawan Fotugal suka yi a 1482 har yau yana tsaye. In kewar tuwo ta taso ku nemi Zango a Kwatano ko Nima a Akara, Hausa za ku ji ta ko'ina, ga masallaci ga bakanike.

Lokaci kuwa ku nufi Disamba zuwa Fabrairu, don daga Afrilu zuwa Yuli ruwan sama a can ba irin namu ba ne, tanti zai zama kwalekwale. Allah ya kai ku lahiya, in kun dawo ku rubuto mana nawa tafiyar ta ci.